Uku, Huɗu, Biyar: Ina Dalili?

Babu ɗalibin da zai fita daga ƙaramar sakandare a ƙasar nan ba a karanta masa ƙa'idar alwatika mai tsayayyar kusurwa ba. Da yawa sun haddace ta kamar yadda a ke haddace lissafin sau, har suna cin jarrabawa da ita. Amma in ka tsai da ɗaya daga cikinsu ka ce, "Yaro, wa ya tabbatar maka haka abin ya ke?" sai ya ce, "Malam." In ka koma wurin malamin kuwa, sau da yawa littafi zai nuna maka. Tun da ya ke yawancin masu karanta wannan mujalla aikin malanta za su fita yi, waɗansu a birni, waɗansu a garuruwa irin su Sabiyal da Danwarai da Jiga cikin ƙasar Aliero, mun ga ya kamata mu shimfiɗa dalilin wannan ƙa'ida filla-filla, yadda mutum zai iya kai shi aji ba da wani kayan aiki ba, sai kwali da almakashi.

Bari mu fara daidaita sunaye, don kada mu saɓa a hanya. Alwatika ita ce siffa mai gefe 3 da kusurwa 3. Tsayayyar kusurwa kuwa ita ce irin wadda ke tsakanin miƙaƙƙen bango da daɓen ɗaki, ko irin ta bakin takardar nan da ku ke karantawa, masu lissafi suna ce mata digiri 90. In an jingina tsani a bango, an yi alwatikar da mu ke nufi. Daga gindin bango zuwa gindin tsani shi ne gefen kwance. Daga gindin bango zuwa inda kan tsani ya taɓa shi ne gefen tsaye. Tsanin kansa shi ne gefen jingine, shi ya fi tsawo, shi ne kuma ke fuskantar tsayayyar kusurwar.

Saura murabba'i, watau fili mai gefe 4 duk tsawonsu ɗaya, kusurwoyinsa duk tsayayyu. Ƙasar Aliero ta yi suna wajen noman albasa, saboda haka yaron can ba ya bukatar dogon bayani a nan, gama ya san fangali. A ce ko wane fangali taki 1 ne tsawo, taki 1 faɗi. Lambu murabba'i mai taki 3 a ko wane gefe zai ci fangali 9, mai taki 4 zai ci 16, mai taki 5 zai ci 25. To, ga ƙa'idar: in aka kafa murabba'i a kan ko wane gefe na alwatika mai tsayayyar kusurwa, filin murabba'in jingine daidai ya ke da filin na kwance da na tsaye in an gama su. A misalinmu, 9 da 16 sun yi 25.

Magina sun daɗe suna cin moriyar wannan. Sa'ad da za a fitar da harsashin ɗaki, sai magini ya kafa fegi a inda kusurwa za ta zauna, ya ja igiya biyu daga gare shi. Ya auna ƙafa 3 a kan ɗaya ya yi alama, ya auna ƙafa 4 a kan ɗayar ya yi alama, sa'an nan ya yi ta matsar da igiya har tsakanin alamun nan biyu ya zama ƙafa 5 cif. Mai hankali ya kan ninka ma, ya auna 6 da 8 da 10, ko 12 da 16 da 20, domin ɗan kuskuren da hannu ya yi ba ya tasiri a dogon awo kamar yadda ya ke yi a gajere.

A zamanin ginin tubali da rufin azara, ido ya kan isa, in kusurwa ta ɗan kauce yaɓe ya rufa mata asiri. Bulo da kwano ba su da wannan kara. Fallen kwano daga masana'anta ya zo da kusurwoyinsa tsayayyu, ba ya lanƙwasa don ya bi karkatar bango. Ku ɗauki ɗaki mai tsawon ƙafa 16 da faɗin ƙafa 12. Daga kusurwa zuwa kishiyarta ƙafa 20 ya kamata a samu, gama 256 da 144 sun yi 400, watau 20 sau 20. In aka auna aka sami ƙafa 20 da inci 3, to, bangon faɗi ya kauce kusan inci 4, kafinta ne kuwa zai sha wahalarsa ranar rufi, mai gida ya biya.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne awon gona. A ce wata fadama za a raba ta gado, ko za a sayar. Gefenta na kudu taki 100, na gabas taki 50, amma na gabas ɗin a karkace ya tafi, ya zarce da taki 30 daga inda zai faɗa da a miƙe ya ke, na yamma kuma ya bi shi. Mai gaggawa zai ce 100 sau 50, fangali 5,000. Amma taki 50 ɗin nan gefen jingine ne, 30 gefen kwance. A fid da 900 daga 2,500, saura 1,600, watau ainihin faɗin gonar taki 40 ne, filinta kuwa 4,000. Kashi ɗaya cikin biyar ke nan ya tafi a bakin alƙalami, ba wanda ya yi niyyar cuta.

Watakila wani zai ce, to, tun da magina sun gwada shekara da shekaru abin bai taɓa ba su kunya ba, wace hujja kuma a ke nema? Amsa ita ce, awo ba ya iya tabbatar da ƙa'ida. Da fari dai alwatika ba ta ƙidayuwa, ko ka auna 1,000 ba ka san halin ta gaba ba. Na biyu, awo kansa ba ya kai wa ga ƙarshe. Ku zana alwatika mai kwance inci 10, tsaye inci 10. Ƙa'ida ta ce murabba'in jingine 200 ne. Amma 14 sau 14 sun yi 196, 15 sau 15 sun yi 225. Abin awo zai nuna muku 14 da ɗan wani abu, wannan ɗan wani abu kuwa Yunanawa sun gano tun da daɗewa babu adadi ko gutsuren adadi da zai faɗe shi cif. Da abin awo kaɗai, ta yaya mutum zai rarrabe 200 da 199?

Ido ma ba abin amincewa ba ne. Ga wani wasa da mu ke so ko wane malami ya yi wa ajinsa kafin ya shiga hujja. A zana murabba'i mai gida 8 ko wane gefe, gida 64 ke nan. A yanke shi biyu, guntu mai faɗin gida 3 da guntu mai faɗin gida 5. A raba mai 3 ɗin daga kusurwa zuwa kishiyarta, ya ba da alwatika 2. A raba mai 5 ɗin a karkace, yadda ko wane rabi zai sami gida 3 a baki ɗaya, gida 5 a ɗaya bakin. In an sāke harhaɗa guntayen nan 4, za su yi siffar ƙyaure mai tsawon gida 13 da faɗin gida 5, watau gida 65. Daga ina gida ɗaya ya fito? Yara za su rantse sun ga guntayen sun haɗu. Ba su haɗu ba. Karkatar alwatikar hawa 3 ne cikin tafiya 8, ta ɗayan guntun hawa 2 cikin 5, in an mai da su bisa ma'auni ɗaya 15 ne da 16 cikin 40. Akwai siririyar tsaga ta ratsa tsakiya daga kusurwa zuwa kusurwa, filinta gida ɗaya daidai, kaurin fensir ya ɓoye ta.

Wannan gardama tsakanin mai aikin hannu da mai handasa tsohuwa ce. Abul Wafa'i Albuzjani, wanda aka haifa a shekara ta 940 ya zauna a Bagadaza, ya rubuta littafi musamman a kan abin da masu sana'a ke bukata na ilmin handasa. A ciki ya ba da labarin wani zama da ya halarta, inda aka nemi a haɗa murabba'i 3 masu girma ɗaya su koma murabba'i guda. Mai handasa ya fitar da tsawon gefen da zane, masu sana'a ba su gamsu ba, domin su yankan da za su yi da hannu su ke so a nuna musu. Su kuma da suka kawo nasu hanyoyin, aka tarar waɗansu daidai ne a ido amma ba daidai ba ne a haƙiƙa. A ganinmu ko wane ɓangare yana da gaskiyarsa, malamin kirki kuwa shi ne mai kawo yankan da hannu zai taɓa, wanda kuma hankali zai shaida.

To, ga hujjar. A zana alwatika mai tsayayyar kusurwa a kwali, ko wace iri, ba sai an auna gefenta ba. A yanka irinta 4, duk girma ɗaya. Sa'an nan a zana babban murabba'i a allo ko a ƙasa, tsawon ko wane gefensa ya zama gefen kwance da gefen tsaye an haɗa su baki da baki. Wannan shi ne farantinmu, sau biyu za mu jera alwatikar nan 4 a cikinsa.

Jeri na fari. A sa alwatika ɗaya a ko wace kusurwa ta faranti, tsayayyar kusurwarta ta shige cikin tasa, a kewaya da su hannu ɗaya, yadda ko wane gefen faranti zai ƙunshi kwancen wata da tsayen wata. Za su cika gefen daidai, gama da haka muka auna shi tun farko. A tsakiya sai a ga wani fili ya rage a karkace, mai gefe 4, ko wane gefensa kuwa jinginen alwatika ɗaya ne.

A nan ne malamai da yawa su kan yi gaggawa su ce, "Ga shi, murabba'i ne." Kada a yi haka, ai yanzu muka ga yadda ido ya ci amanarmu. Gefensa 4 tsawonsu ɗaya, wannan ba shakka. Amma siffa ta kan yi gefe 4 daidai ta zama a matse, kamar yankan alkaki, saboda haka sai mun binciki kusurwoyinsa. Ku ɗauki alwatika 2 daga cikin namu ku haɗa su jingine da jingine, ɗaya a juye. Za su yi siffar ƙyaure, a kusurwar da tsininsu ya gamu kuwa za ku ga ƙananan kusurwoyin alwatika biyu, ta sama da ta ƙasa, sun haɗu sun cika tsayayyar kusurwa guda. Ku riƙe wannan. Yanzu ku koma faranti, ku dubi inda tsinin fili na tsakiya ya taɓa gefe. Kusurwa 3 ne a jere bisa miƙaƙƙen layi: ƙaramar kusurwa ta wannan alwatika, ɗaya ƙaramar ta waccan, da kusurwar filin a tsakaninsu. Miƙaƙƙen layi tsayayyar kusurwa 2 ne. Ƙananan nan biyu sun cinye guda, saura guda, ita ce ta filin. Haka abin ya ke a tsini duka 4. Yanzu ne mu ke da ikon cewa filin da ya rage murabba'in jingine ne.

Jeri na biyu. A kwashe alwatikar, a haɗa su biyu biyu su yi ƙyaure 2. A sa ƙyaure ɗaya a kusurwar faranti ta sama hannun dama a kwance, ɗaya a kusurwar ƙasa hannun hagu a tsaye, tsininsu zai taɓa juna a cikin faranti. Fili 2 za su rage. Ɗaya gefensa duk tsawon kwance ne, ɗaya duk tsawon tsaye, kusurwoyinsu kuwa na faranti ne da na ƙyaure. Watau murabba'in kwance da murabba'in tsaye.

Faranti bai ƙaru ba, bai ragu ba. Alwatikar da muka ɗora a kansa su ne dai 4 ɗin nan. Abin da suka bari a buɗe a jeri na fari dole ya zama daidai da abin da suka bari a jeri na biyu. Da fari sun bar murabba'in jingine, daga baya sun bar na kwance da na tsaye. Hujja ta cika. Ku lura, ba mu ambaci adadi ko ɗaya ba, ba mu auna kome ba, saboda haka maganar ta hau kan ko wace alwatika mai tsayayyar kusurwa, da wadda aka taɓa zanawa da wadda ba a zana ba tukuna. In yara na son su ga adadi, a ba su kwance 12 da tsaye 5. Faranti 17 sau 17, watau 289. Ko wace alwatika rabin ƙyaure ce mai 60, watau 30, su 4 sun yi 120. Saura 169, shi ne 13 sau 13. Da wannan lissafi kafinta ke sanin ginin da faɗinsa ƙafa 24, in ana so tsakiyar rufi ta tashi ƙafa 5, katakon ko wane sashe ƙafa 13 zai ci, ban da abin da za a bari ya leƙo waje.

Amma fa har yanzu ba mu biya wa magini bukatarsa ba, wannan kuwa abu ne da a kan manta. Mun tabbatar in kusurwa tsayayya ce, gefe za su bi ƙa'ida. Magini ta baya ya ke bi, yana cewa tun da gefe sun bi ƙa'ida, kusurwa tsayayya ce. Maganganun nan biyu dabam su ke. Ko wane Basakkwace ɗan Nijeriya ne, amma ba ko wane ɗan Nijeriya ne Basakkwace ba. Sai an kawo wa ta biyun tata hujjar, ga ta kuwa a taƙaice. Ga alwatikar magini mai 3 da 4 da 5, ba mu san kusurwarta ba. Mu zana wata a gefe, mu ba ta tsayayyar kusurwa da gangan, da kwance 4 da tsaye 3. Bisa ga abin da muka tabbatar, murabba'in jinginenta 25 ne, jinginen kuwa 5. Ga alwatika 2 ke nan, gefensu duka 3 daidai da juna. Sanda 3 in an ɗaure bakinsu siffa ɗaya tak su ke iya yi, ba sa motsi, shi ya sa a ke gicciya katako a ƙyaure don kada ya saki. Tun da siffarsu ɗaya, kusurwar magini ita ma tsayayya ce.

Turawa suna jingina ƙa'idar ga Fitagoras, Bayunane wanda aka haifa a tsibirin Samos wajen shekara 570 kafin haihuwar Annabi Isa, ko da ya ke shi bai bar rubutu ko ɗaya ba. Mutanen Babila, cikin ƙasar Iraƙi ta yanzu, sun riga shi sanin adadin da shekara fiye da 1,000. Akwai wani allonsu na yumɓu a Jami'ar Kolambiya ta Amurka mai jerin irin waɗannan adadi, layinsa na fari yana da 119 da 169, waɗanda ke tafiya da 120. Duk mai shakka ya ninka ya gani: 14,161 da 14,400 sun yi 28,561. Hujja rubutacciya da ta fi shahara ita ce ta Uƙlidisu na Iskandariya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ita ce mas'ala ta 47 a kashi na fari na littafinsa, ta maginin nan kuwa ita ce ta 48. An juya littafin zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Halifa Haruna Rashid.

Cikin malaman Bagadaza, Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya bar wata hanya da za ta ba maɗinka sha'awa. A jera murabba'i babba da ƙarami kafaɗa da kafaɗa bisa layi ɗaya. A kan layin, daga ƙarshen babban na waje, a auno tsawon gefen ƙaramin a yi ɗigo. Daga ɗigon a yanka zuwa kusurwar sama ta waje ta babban, a kuma yanka zuwa kusurwar sama ta waje ta ƙaramin. Alwatika 2 za su fita. A ɗora wadda ta fita daga wajen babban bisa kan ƙaramin, a ɗora ɗayar bisa kan babban, sai ga murabba'i guda a karkace, ko ƙyalle bai zube ba. Binciken kusurwoyinsa irin wanda muka yi ɗazu ne, mun bar muku shi.

Hanyoyin hujjar suna da yawa. Wani malamin lissafi Ba'amurke, Elisha Loomis, ya tara 370 a bugun littafinsa na 1940, cikinsu har da ta James Garfield, wadda aka buga a 1876 kafin ya zama shugaban Amurka. A 2023 ma 'yan mata 2 'yan sakandare a birnin New Orleans suka gabatar da wata sabuwa a taron masana lissafi, aka buga aikinsu a 2024. Yaron da ke aji a Sabiyal yau, ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 kusa da gida, ba mu ga abin da zai hana a nuna masa ko da guda ɗaya ba.

Akwai iyaka ɗaya da ya kamata malami ya sani, ko da ba zai faɗa wa ƙananan yara ba. Hujjar nan duka a bisa shimfiɗaɗɗen wuri muka yi ta. Duniya kuwa ƙwallo ce. In mutum ya tashi daga ƙuryar arewa ta duniya ya gangaro miƙe har layin da ya raba ta biyu, ya juya ya bi layin rubu'in kewayensa, ya sāke juyawa ya koma inda ya fito, ya yi alwatika mai tsayayyar kusurwa 3, gefenta duka tsawo ɗaya, ƙa'idarmu ba ta da wurin zama a cikinta. Saboda haka ne masu fitar da alƙibla daga ƙasashe masu nisa ke aiki da lissafin ƙwallo. A awon ɗaki, ko gona, ko ma tsakanin Jega da Maiyama, bambancin bai kai abin da za a kula da shi ba.

Ga tambaya ga masu karatu. Wata gora mai tsawon ƙafa 18 tana tsaye, iska ta karya ta ba ta rabu ba, kanta ya sunkuyo ya taɓa ƙasa ƙafa 12 daga gindinta. A ƙafa nawa daga ƙasa ta karye? Wanda ya samo amsa ya aiko wa Edita, tare da hanyar da ya bi, gama amsa tsurarta ba za a karɓa ba.